Rigunan Direban Bas

Sannunku da haƙuri. Na san na ɓace muku kusan wata uku, har wata daga cikinku ta rubuto tana tambaya ko aure na yi a ɓoye. Ban yi ba. Aiki ne ya danne ni, sannan wani abu ya faru wanda sai yau na iya zama in rubuta shi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Sorim, ina zaune a Tongyeong, bakin teku, a gidanmu mai hawa biyu. Shago a ƙasa, mu a sama, ni da Umma da Abba da Kakata ta wajen uba. Sana'ata ɗinkin nubi. Yadi biyu ake haɗawa, a shimfiɗa auduga a tsakani, a bi su da layin ɗinki ɗaya dab da ɗaya har kayan su yi kauri su riƙe ɗumi. Barguna nake yi, da zannuwan goyo, da rigunan sanyi marasa hannu. Kaka ta shekara sittin tana wannan aikin. Yanzu idonta ya yi rauni, ramin allura ba ya ganuwa gare ta, don haka shagon yana hannuna, ita kuma tana zaune a gefe tana shafa ɗinkina da yatsa tana kama min kuskure.

Abin ya faro ne ranar da muka yi kabejin shekara, wanda ake tsumawa da yaji a yi ta ci har shekara ta zagayo, ƙarshen watan Nuwamba. Kabeji ɗari da ashirin aka jiƙa da gishiri tun jiya, muka baje a tsakar gida, kowa da jar safar roba har gwiwar hannu, ana cusa yaji tsakanin ganye. Gwaggo Bokhi, ƙanwar Abba, ta zo daga Busan wai taya mu. Kabeji uku ta taɓa. Sauran lokacin baki ne ke aiki.

"Sorim, shekarunki nawa ma yanzu?"

"Gwaggo, kin fi ni sani. Bara ma kin tambaya."

"Talatin da ɗaya. Sabuwar shekara ta zo ki sha miyar ƙarin shekara ki zama talatin da biyu. Ni a shekarunki 'ya'yana biyu suna makaranta."

"Shi ya sa kika huta da wuri," na ce, na tura mata wani kabejin gabanta.

Umma ta zungure ni da gwiwar hannu. Gwaggo ko a jikinta. Ta cire safa ɗaya da haƙori, ta zaro waya daga aljihun wandonta, ta kawo min dab da hanci. Hoton wani mutum ne cikin farar riga, da tabarau, ya tsaya ƙiƙam kamar wanda aka ce kada ya yi numfashi.

"Gitae sunansa. Shekara talatin da shida, yana da shagon magani nasa na kansa a Busan. Gwaggonsa ƙawata ce, wuri ɗaya muke gyaran gashi. Ba ya shan taba. Babansa ya rasu bara, shi da uwarsa kawai."

"Allah sarki," in ji Umma.

Daga nan Gwaggo ta juya wajen Kaka, ta sassauta murya, ta fito da abin da ya kawo ta na gaskiya. Wai benen nan ya yi wa tsohuwa tsayi, wata rana za ta faɗo. Wai a sayar da gidan, a kama wa Kaka ɗaki kusa da ita a Busan, mai na'urar hawa bene. Shagon kuwa, wa ke sayen bargon hannu yanzu? Idan Sorim ta yi aure ta koma Busan, ai shi ke nan an huta.

Kaka ta jawo kabeji gabanta. Ta yagi ganye ɗaya, ta naɗe shi da yaji, ta sa a baki, ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Ni fa ba auren na ƙi ba, ku fahimce ni. Abin da na ƙi shi ne a haɗa ni da shagon a ƙulle mu ƙunshi ɗaya a kawar. Amma da yamma Umma ta same ni ina wanke baho, ta ce, "Ki je ki sha shayi da shi kawai. Awa ɗaya. In ba haka ba gwaggonki ba za ta bar kunnena ya huta ba har bazara." Saboda kunnen Umma na yarda.

Ranar Asabar ta biyu a Disamba aka sa. Umma ta fito min da doguwar kwat mai ruwan madara da takalmi mai tsini. Na saka takalmin don kada ta ji haushi, amma kwat ɗin na bar ta a kan gado, na ɗora rigata ta nubi mai ruwan toka, wadda na yi wa ciki da yadi ja mai duhu. Jan-baki kaɗan. Na ce in zai gudu, gara ya ga abin da yake gudu.

Gidan shayin yana kallon tashar jiragen ruwa. Na same shi ya riga ni, ya miƙe da sauri har ya bugi teburi da gwiwa. Ya fi hoton tsayi, kuma ya fi hoton kama da mutum. A gefen kujerarsa akwai ƙatuwar jaka irin ta masu zuwa kasuwa, cike taf.

Muka gaisa, muka rusuna wa juna, aka kawo shayin lemo. Ya yi ta juya kofinsa. Can ya ce, "Kafin mu fara, ina so in gaya miki gaskiya, in kin ga dama ki watsa min shayin nan."

"Yana da zafi fa."

"Na sani. Gwaggona ta kawo min hotunan mata bakwai cikin shekarar nan, duk na ƙi zuwa. Naki na yarda ne saboda ta ce ɗinkin bargo kike yi."

Ya jawo jakar ya zuge. Riguna ne, shuɗaye masu haske, an ninke su tsaf. Na babansa ne. Direban bas ne a Busan, shekara talatin da ɗaya a hanya ɗaya, daga kasuwar kifi zuwa kan tudu. Tun da ya rasu uwarsa ta ƙi a taɓa rigunan, kullum sai ta buɗe durowa ta tsaya tana kallo, sai watan jiya ta ce masa ya kwashe ya kai duk inda ake kai tsofaffin kaya, ita ta gaji. Ya kwashe, amma ya kasa kaiwa. Suna bayan motarsa sati biyar.

"Za a iya yin bargo da su? Wanda za ta lulluɓa da shi. Ba ta sani ba, so nake in ba ta da sabuwar shekara."

Zan faɗa muku gaskiya, abu biyu na ji lokaci ɗaya. Na ji sanyi a raina cewa ba sai na yi ta murmushin dole ba. Kuma na ji haushi. Takalmin nan yana cin ƙafata tun daga gida, ashe ciniki aka kira ni.

"Da ka kira shago ai da ba sai na sa jan-baki ba," na ce.

Kunnuwansa suka yi ja. "Ya yi miki kyau," ya ce, yana kallon teburi.

Na share, na jawo riga ɗaya na warware. Goma sha bakwai ne. Yadin ya yi laushi saboda wanki. Sai na lura da wani abu: kowace riga, hannun hagu ya fi na dama kodewa, wasu har sun kusa zama fari.

"Me ya sami hannun hagu?"

Ya karɓa ya duba, ya ɗauko wata, ya ɗauko wata. Ya jera hannuwan gefe da gefe. "Taga," ya ce. "Gefen taga ne. Rana ce ta ci su." Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya mayar. "Ban taɓa lura ba."

A nan na karɓi aikin. Sati takwas ya rage kafin sabuwar shekararmu ta ƙirgen wata, wadda ke faɗowa farkon Fabrairu, ga zanen goyo biyu da bargon aure ɗaya a gabana, amma na karɓa.

Da na koma gida Gwaggo ta kira tun ban cire takalmi ba.

"Yaya? Ya ya kika gan shi?"

"Ya ba ni riguna goma sha bakwai."

"Tun ranar farko? Kai, yaron nan ya san abin da yake yi!"

Ban gyara mata ba.

Sati guda na yi ina farke rigunan. A cire wuya, a cire maɓallai, a farke kafaɗa, a wanke, a goge. Maɓallan na tara a kwalbar zuma. Na yanka yadin dogaye dogaye, na jera su a ƙasan shago inda ɗumi ke tasowa, masu duhu a gefe ɗaya, suna ta yin haske har zuwa farare na hannun hagu a ɗaya gefen. Na ɗauki hoto na tura masa.

Ya amsa: "Kamar safiya a kan teku."

Na rubuta: "Kamar riguna ne da aka yanka. Ka amince in ɗinka?"

"Na amince. Kin ci abinci?"

"Me ya haɗa abincina da bargonka?"

"In kin suma wa zai ƙarasa?"

Na ajiye wayar na ci gaba da aiki. Kaka da ke zaune a gefe tana ɓare lemo ta ce, "Wa ke ba ki dariya?" Na ce babu kowa. Ta ce idonta ne ya mutu, ba kunnenta ba.

Ranar da dare ya fi kowane tsawo a shekara, Umma ta dama kunun jan wake da 'yan curin shinkafa kamar yadda aka saba, tukunya guda, aka raba wa maƙwabta. Asabar ce. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe ƙararrawar ƙofar shago ta yi ƙara, na ɗago kai, sai ga Gitae da kwalin lemo a kafaɗa. Wai ya zo ganin inda aiki ya kai. Tafiyar awa ɗaya da rabi, don ganin abin da na tura masa hotonsa jiya.

Ya rusuna wa Kaka har ƙasa. Ta sa ya zauna, aka kawo masa kunu, ya shanye kwano biyu. Sai ya ga Kaka tana lalubar ramin allura da zare, tana kuskurewa, tana tsaki. Ita har yanzu tana son yin ɗinkin bakin bargo da hannunta, wannan yatsunta sun haddace, zura zaren ne kawai ke gagararta, ni kuma in na hau keken ɗinki ba na son tashi.

"Kaka, kawo in gwada."

"Kai ka iya?"

"Ƙwayoyin magani nake ƙirgawa kullum, wasu ba su kai ƙwayar gero ba."

Ya zauna ya zura allura goma sha biyar, kowace da zarenta, ya soke su a jere jikin matashin allura yadda za ta laluba ta zara ɗaya bayan ɗaya. Ni da na shekara shida tare da ita a shagon nan, wannan dabarar ba ta taɓa zuwa min ba. Har haushin kaina na ji.

Bayan ya tafi Kaka ta ce, "Hannunsa ba ya rawa." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ku da ba ku san Kaka ba, ni shekara biyu na yi ina ɗinki kafin ta yaba min da kalma ɗaya.

Tun daga ranar ya zama kowace Asabar. Ya zo, ya zura allurai, ya riƙe min gefen auduga in shimfiɗa, ya ci abincin rana, ya koma ya buɗe shagonsa na yamma. Abba yana dawowa daga rumfarsa ta busasshen kifi ya same shi, su gaisa, su zauna su kalli labarai ba mai cewa uffan. Umma ta ce ba ta taɓa ganin mutum biyu da shiru ya haɗa su abota haka ba.

Cikin Janairu aka yi bikin cikar shekara ɗaya na 'yar yayata, a wani gidan abinci a Busan. Zanen goyonta ni na ɗinka tun tana ciki, ja da kore, ranar kuma na kai mata 'yar rigar nubi mai ruwan goro. Aka jera wa jaririya kaya a teburi don a ga abin da za ta ɗauka, fensir, da kuɗi, da ƙwallo, da damin zare. Ta wuce komai ta cafki zaren ta sa a baki. Mutane suka yi tafi, ana cewa za ta yi tsawon rai.

"Tsawon rai dai," in ji Gwaggo da ƙarfi, "ba zaman shago ba. Ɗaya ta ishe mu."

Aka yi dariya. Ta ga ta samu masu sauraro, sai ta miƙe da kofinta ta sanar wa dangi cewa Sorim ma ta kusa, mai shagon magani kullum yana hanya, kafin lokacin kaka za a sha biki, kuma ta riga ta ga wani ɗaki mai kyau da za a kama wa Kaka, har ta yi magana da mai nuna gidaje.

Na jira ta zauna, na matsa kusa da ita, na ce a hankali, "Gwaggo, ba zan bar shagon ba."

"Ke dai ci abincinki."

"Ko na yi aure, ko ban yi ba. Kuma Kaka ba ta ce tana son tashi ba. Kin tambaye ta?"

"Ji yarinya! Ni za ki koya wa kula da uwata? Ran da ta faɗo daga benen nan ke za ki ɗauke ta?"

"Ni ce dai nake riƙe hannunta kullum tana sauka."

Ta ajiye cokali. "To bari in gaya miki. Babu namijin da zai bar shagonsa a Busan ya zo ya zauna yana kallon ki kina taka keke. Ki zaɓa tun da wuri."

Wannan maganar ta bi ni har gida. Haushinta na ji, amma ban iya cewa ƙarya ta yi ba. Kwana uku saƙonsa na shigowa ina amsawa da kalma ɗaya ɗaya. "Kin ci abinci?" "Eh." "Sanyi ya yi yawa yau." "Haka ne." Na ce wa kaina aiki ne ya kawo shi, aiki na ƙarewa zai tafi, gara in saba tun yanzu.

Sai kuma aikin ya ba ni matsala. Na gama tsakiyar bargon, layi ɗari huɗu da 'yan kai, na zo naɗe baki, yadi ya gaza. Kamu biyu kacal. Na duba duk shagon, babu shuɗin da ya dace, sabon yadi kuwa in ka haɗa shi da tsohon nan kamar ihu yake yi. Dole na rubuta masa.

"Yadi ya gaza. Babu sauran riga a gida?"

"Babu. Zan zo gobe."

Gobe Laraba ce, ba Asabar ba. Ya shigo da azahar, iska na bin sa, ya miƙo min leda. Riga ce shuɗiya, ta kode daidai gwargwado, amma ba irin ta direbobi ba ce.

"Ta wa ce?"

"Tawa. Ita na sa ranar da na buɗe shago. Baba ne ya saya min."

Na kara ta da bargon. Ta zauna kamar an rina su tare. Na ɗauki almakashi, sai ya ce, "Sorim." Karo na farko ke nan da ya kira sunana kai tsaye ba tare da girmamawar baƙunta ba. Kaka tana sama tana barcin rana.

"In bargon nan ya ƙare, me zan kawo don in ci gaba da zuwa? Na duba gidanmu kaf. Akwai labule, amma Ummata za ta lura."

Na ce, "Ba na barin Tongyeong."

"Wa ya ce ki bari?"

"Gwaggo ta ce babu namijin da..."

"Ni ba gwaggonki na zo gani ba." Ya gyara tabarau. "Ban san yadda za a yi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Shagona yana can, Umma tana can. Amma na ga mutanen garin nan ma suna tari."

Dariya ta ƙwace min, har almakashin ya faɗi. Na ce masa ba sai ya kawo labule ba, Kaka tana buƙatar allurai kowace Asabar. Ya ce to. Ya zauna ya zura ashirin, ni kuma na farke rigarsa, ba wanda ya ƙara kallon wani.

Saura kwana biyu sabuwar shekara na cire zaren ƙarshe. Maɓallan babansa guda goma sha bakwai, ɗaya daga kowace riga, na jera su a kusurwa ɗaya ta ciki inda hannu zai iya samunsu. Kaka ta shafa bargon daga farko har ƙarshe, ta ce layi na uku daga gefe ya ɗan karkace, amma a bar shi. Na ninke, na ƙulle shi cikin ƙyallen siliki mai ruwan hoda.

Ranar sabuwar shekara muka tashi da sassafe, muka jera abinci gaban hoton marigayi Kakana, mijin Kaka, muka yi gaisuwa. Na sa kayan gargajiya, 'yar riga fara da dogon siket shuɗi mai duhu, na durƙusa gaban Kaka har goshina ya taɓa hannuna. Ta ce, "Bana ki yi abin da ranki ke so, amma ki daina taka keke da sauri." Muka sha miyar yankakken tuwon shinkafa. Na zama talatin da biyu, kuma babu abin da ya same ni.

Da rana saƙonsa ya shigo.

"Gobe zan kawo Umma. Na ce mata yawon shan iska za mu je bakin teku. Ina so ki miƙa mata da hannunki."

"Ta san da ni?"

"Ba ta san komai ba. Gwaggona na roƙa ta yi shiru. Gobe za ta san bargon, ta san ki."

Na karanta wa tawa Umman. Ta dafe ƙirji, ta ce ai sai a sake soya kifi. Washegari kuwa ita ce ranar da 'ya'ya mata ke zuwa gidan iyayensu, don haka ƙarfe goma Gwaggo Bokhi ta iso da mijinta, ta ji labari, ta haye sama ta sake shafa hoda. Wai ita ce ta haɗa, ita za ta tarbi surukar. Abba ya aske gemu, ya sa rigar nubi da na ɗinka masa. Ni na sake saka kayan jiya, na sauko da ƙunshin bargon na ajiye a teburin yanka.

Sha biyu saura kwata na ga farar motarsa ta tsaya a ƙofar shago. Na jira. Ba wanda ya fito. Minti biyu, minti uku. Sai waya ta yi ƙara.

"Muna ƙofa. Umma ta ƙi fitowa."

"Kunya take ji?"

"Ban sani ba. Tun da muka shigo layin nan ta yi shiru. Da ta ga allon shagon ta ce in juya mota."

Na nuna wa Gwaggo. Ta yi dariya, ta gyara gashinta. "Haka zawarawa suke, sun saba zaman ɗaki. Bar ni da ita." Ta zura takalmi ta fita tana tafa hannu, tana "Maraba, maraba, sannunku da hanya!"

Ta gilashin shago nake kallonta. Ta isa gefen motar, ta sunkuya, ta leƙa. Hannunta da ke sama ya sauko a hankali. Ta miƙe, ta ja da baya taku biyu, ta juyo. Tunda nake ban taɓa ganin Gwaggo Bokhi ta shigo ɗaki bakinta a rufe ba sai ranar.

Abba ya sauko daga bene yana gyara wuyan riga. "Ina baƙin?"

"Yaya," ta ce, "kada ka fita."

"Me ya faru?"

"Na ce kada ka fita. Na rantse ban sani ba. Sunan uban kawai aka gaya min."

Kaka ta ɗago kai daga inda take zaune. "Wace ce a motar?"

Gwaggo ta juya wajen uwarta. "Namsuk ce, Umma."

Ban taɓa jin sunan ba. Amma Umma, da ke tsaye a kan matakala da farantin kifi, ta juya ta koma sama, na ji ta kashe murhu. Abba kuwa ya saki wuyan rigarsa. Ya wuce ta gefen Gwaggo, ya tura ƙofa, ya fita kan titi da safa kawai, cikin wannan sanyin.

"Kaka, wace ce Namsuk?"

Ta murza zare tsakanin yatsunta. Da ta yi magana, muryarta daidai take kamar tana faɗin tsawon yadi.

"Yarinyar da ta koyi ɗinki a wajena. A kujerar nan taki take zama. Na gama ɗinka musu bargon aure ita da babanki, saura kwana tara biki, ta hau jirgin safe ta tafi. Ko takarda ba ta bari ba. Shekara talatin da takwas ke nan."

Na juya wajen gilashin. Abba yana tsaye a gefen motar, hannayensa a saki. Gilashin motar ya fara sauka a hankali, na ga farin gashi da gefen fuskar mace. Gitae yana riƙe da sitiyari, yana kallon uwarsa, yana kallon Abba, sannan ya sunkuyar da kai kan wayarsa.

Tawa ta yi ƙara a hannuna.

"Sorim, me ya sa babanki yake kuka?"